Koyar da Ɗebewa da Karan Dawa

Malam, in za ka koya wa yaran aji biyu ɗebewa, kada ka fara da alli. Yaro ya kan rubuta 32, a ce masa ya ɗebe 7, sai ya tsaya, gama bakwai ba ta fita daga cikin biyu. In ka ce masa ya yi aro, zai yi, amma bai san abin da ya ara ba. Haka zai kai aji biyar yana lissafi a makance.

Tun da dare ka rubuta shirin darasinka: abu ɗaya tak da yara za su iya kafin a buga ƙararrawa, da kayan da za ka shiga aji da su. Ka sa su yanko guntayen kara, a ɗaure goma goma da zare. Wannan ba ya cin ko kwabo.

A aji ka ba su dami uku da kara biyu, ka ce su ɗebe bakwai, ka yi shiru. Shirun nan ne ya fi wa malamai wuya. Ba da daɗewa ba wani zai kwance dami ɗaya, karan su zama goma sha biyu. Ya ɗebe bakwai, saura biyar, ga dami biyu: 25. Sa'an nan ka rubuta a allo.

Wayar hannu tana iya nuna hoton wannan, amma yara sittin ba su taɓa waya ɗaya, wuta kuwa ta kan ɗauke. Ka ajiye damunan a kwali, gobe a yi 41 a ɗebe 8.