Rana da Lafiyar Ido: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Babu abin da wannan karin magana ya dace da shi kamar rana. Kullum sai mun gan ta, don haka ba mu ɗauke ta a matsayin abin da zai iya cutar da ido ba. Wannan maƙala za ta duba yadda hasken rana ke yi wa ido illa, da hanyoyin kariya, tare da kalmomin da ɗalibin Hausa ke buƙata idan zai yi bayanin al'amarin ga jama'a.

Hasken da Ba a Gani

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya iya gani, wanda masana kimiyya ke kira altirabayolet, ana kuma taƙaita shi da UV. Ya kasu gida uku: UVA da UVB da UVC. Iskar ozon da ke can sararin samaniya tana tare UVC baki ɗaya, haka kuma tana tare mafi yawan UVB. Ragowar UVB da kusan dukkan UVA su ne ke isowa gare mu.

Ƙarfin wannan haske yana ƙaruwa gwargwadon kusancin ƙasa da tsakiyar duniya. Nijeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 ne a arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga Legas har Sakkwato hasken yana da ƙarfi duk shekara. Ya fi tsanani daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Gajimare ba ya tare shi duka, ruwa da rairayi kuma suna mayar da shi sama ya shiga ido. Ke nan masunci da manomi da ɗan acaba da mai talla su ne a sahun gaba.

Illolin da Yake Haifarwa

Na farko, yanar ido. A cikin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da haske ke ratsawa. Idan ya dushe, sai mutum ya riƙa gani dishi-dishi kamar cikin hazo. Tsufa shi ne babban dalilin yana, amma daɗewa a cikin rana yana gaggauta zuwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na makantar yana na iya kasancewa daga wannan haske. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar.

Na biyu, tsiron nama. Wannan wata 'yar tsoka ce da ke fitowa daga lungun ido ta wajen hanci, tana rarrafawa a hankali zuwa baƙin ido. Rana da ƙura da busasshiyar iska irin ta hunturu su ne ke taimaka mata. Idan ta kai tsakiya takan tare gani.

Na uku, ƙunar saman ido. Ita wannan ba ta jiran shekaru. Sa'o'i kaɗan bayan haske mai ƙarfi ya bugi ido, sai ya yi ja, ya riƙa hawaye da raɗaɗi kamar an zuba yashi. Masu walda da ba su sa kariya sun san ta sarai. Galibi takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu.

Na huɗu, ƙunar bayan ido, wurin da hoto ke sauka. Tana samun wanda ya ƙura wa rana ido, musamman lokacin husufi, irin wanda aka yi ranar 29 ga Maris, 2006, sa'ad da rana ta rufe ruf a garuruwa kamar Saki da Gusau da Katsina. Wannan ɓangare na ido ba ya jin zafi, saboda haka mutum ba zai san ya yi wa kansa lahani ba sai daga baya. Wani lokaci tabon ba ya gogewa.

Hanyoyin Kariya

1. Malafa. Hula mai faɗin baki tana rage kusan rabin hasken da ke shiga ido. Kakanninmu da ke zuwa gona da kiwo da malafa ba su yi kuskure ba. Laima ma tana taimakawa.

2. Tabarau. A nan ne mutane da dama ke ruɗuwa. Duhun gilashi dabam, kariya dabam. Baƙin tabarau marar kariya yana sa 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ta ƙara buɗewa, sai hasken ya shiga fiye da da. A nemi mai alamar UV400, kuma mai faɗin da ya rufe gefen ido. Da yake ana iya manna alamar ƙarya, gara a saya wurin masu gwajin ido.

3. Inuwa. A rage zirga-zirga da tsakar rana idan babu dole.

4. Yara da zabiya. Madubin idon yaro ya fi na babba barin haske ya wuce, idon zabiya kuma ba shi da isasshen launin da ke tare haske. Su ne suka fi buƙatar kulawa.

5. Husufi. Kada a kalle shi da tabarau na yau da kullum ko gilashin da aka yi wa hayaƙi, sai da tabarau na musamman da aka yi domin haka.

A lura kuma, kwalli ado ne, ba ya tare wannan haske, wasu nau'o'insa ma suna ɗauke da gubar dalma.

Aikin Ɗalibin Harshe

Da yawa daga cikinmu za su zama malamai ko masu fassara ko ma'aikatan rediyo. Wajibi ne mu bambanta kalmomi. Yana ita ce dushewar madubin cikin ido, kuma ana cire ta da tiyata, gani ya dawo. Hakiya farin tabo ne a saman baƙin ido. Dundumi kuwa rashin gani ne da dare, wanda ƙarancin sinadarin bitamin A kan jawo. Mai fassarar da ya cakuɗa waɗannan zai iya sa mai yana ya zauna a gida yana ɗiga magani, alhali aikin asibiti yake buƙata, a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Kammalawa

Illar rana taruwa take yi sannu a hankali tun daga ƙuruciya, sai girma ya zo ta bayyana. Rigakafi ya fi magani, ga shi kuma kuɗin malafa bai kai na tiyata ba. A matsayin jinga, kowane ɗalibi ya rubuta sanarwar rediyo ta jimla biyar da za ta fahimtar da ɗan acaba bambancin baƙin tabarau da tabarau mai kariya.