Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Guba Ke Bin Kifi Har Cikin Tukunyarmu

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanya daga Jos zuwa Bukuru ko Barkin Ladi ya saba ganin manyan ramuka cike da ruwa, da tudun jar ƙasa a gefensu. Waɗannan su ne gadon da haƙar kuza ta bar mana. Turawa sun fara wannan aiki a Naraguta a farkon shekarun 1900, da kasuwar kuza ta faɗi a duniya a 1985 kuwa, sai aka bar ɗaruruwan ramuka ba a cike su ba. Yau a bakinsu muke noman rani, a nan shanu ke shan ruwa, yara kuma na jefa fatsa. Darasinmu na wannan fitowa shi ne mu gane yadda abin da aka zuba cikin ruwa yake komowa cikin akushinmu.

Yadda ake ci cikin ruwa

A ƙarƙashin ruwa akwai tsari na wane ke cin wane, wanda masana ke kira sarƙar abinci. A ƙasa akwai gansakuka da tsirrai ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ƙwarin ruwa suna cin waɗannan, ƙananan kifaye kamar 'ya'yan karfasa suna cin ƙwarin, tarwaɗa da giwan ruwa kuma suna haɗiye ƙananan. Daga ƙarshe zalɓe, ko kada, ko mutum ya ci babban kifin.

Yawancin ƙazanta takan ruɓe ta wuce. Amma akwai gubar da ba ta ruɓewa, jiki kuma ba ya iya fitar da ita da sauri. Kifi yakan ci abinci da ya ninka nauyinsa sau da yawa kafin ya girma. Abincin ya narke ya fita, gubar kuwa ta zauna. Babban kifin da ya ci ƙanana ɗari ya gaji gubar dukansu. Haka take ƙaruwa daga mataki zuwa mataki, gama da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya faru a wasu wurare

A jihar Kalifoniya ta Amurka, an zuba maganin ƙwari mai suna DDD cikin wani tafki da ake kira Clear Lake a 1949, da 1954, da 1957. An auna shi kaɗan ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin miliyan 50 na ruwan. Duk da haka tsuntsaye masu cin kifi suka riƙa mutuwa. Da aka binciki kitsensu, sai aka tarar da maganin ya ninka abin da aka zuba a ruwan wajen sau 80,000.

A garin Minamata na ƙasar Japan, masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zubar da ruwa mai zaiba cikin teku. Kyanwoyi masu cin kifi ne suka fara haukacewa. A 1956 aka gane cutar a jikin mutane: hannu da ƙafa su mutu, gani ya ragu, magana ta karye. Uwayen da ba su nuna alamar ciwo ba suka haifi 'ya'ya masu lahani a ƙwaƙwalwa. Fiye da mutum 2,000 hukuma ta tabbatar sun kamu. Sunan garin ne aka sa wa yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba, wadda aka sa wa hannu a 2013.

Ina gubar take shigowa a wurinmu?

Na farko, haƙar ma'adinai. Yashin da ya rage bayan wanke kuza yana ɗauke da wasu ma'adinai, irin su monazait, masu fitar da tururi mai lahani. Akwai kuma dalma a yankin Zurak na ƙaramar hukumar Wase. Ba mu manta da Zamfara ba, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010.

Na biyu, maganin feshi da takin zamani. Abin da aka fesa wa kabeji da tumatir a bakin rami, ruwan sama yakan wanke shi zuwa ciki. Taki kuma yakan sa gansakuka ta yi yawa, in ta ruɓe ta shanye iskar ruwan, kifi ya shaƙe.

Na uku, sharar gari. Kogin Dilimi da ya ratsa Jos yana karɓar baƙin mai daga wurin makanikai, da matattun batura, da ruwan kwata, a ƙasa kuma masu lambu na ban ruwa da shi.

Na huɗu, kamun kifi da guba. Wasu sukan zuba gamalin cikin rafi domin kifi ya taso. Sinadarin da ke cikinsa, wato lindan, yana cikin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a gona tun 2009.

Mu tuna kuma cewa muna zaune a kan tudu. Kogin Kaduna da na Gongola daga Filato suka taso, ruwan Dilimi kuma yana gangarawa ta Jama'are ya nufi yankin Tafkin Chadi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da iyali za su iya yi

Kada wani ya karanta wannan ya daina ba yaransa kifi, domin kifi abinci ne mai gina jiki, kuma ba kowane rami ne ke da guba ba. Ido ba ya rarrabewa, sai gwaji. Amma ga abin da ke hannunmu:

1. Mu tambayi inda aka kamo kifi. Kada mu sayi wanda aka kwasa yana yawo matacce a kan ruwa.
2. Mata masu ciki, da masu shayarwa, da yara ƙanana su fi cin ƙananan kifaye, su rage cin manya tsofaffi masu cin 'yan'uwansu.
3. A cire kayan ciki da kitse kafin dafuwa, gama maganin ƙwari a kitse yake taruwa, dalma kuma ta fi zama a hanta da ƙashi. Amma zaiba tana cikin tsoka, wuta ko hayaƙin banda ba sa kawar da ita.
4. Kada a wanke tankin feshi a rafi, kada kuma a zuba ruwan sha ko manja a galan ɗin magani.
5. Unguwar da ke dogara ga wani rami ta haɗa kai ta nemi a gwada ruwan, ta wurin hukumar kula da muhalli ko Jami'ar Jos.

Kammalawa

Wanda ya zuba guba a rafi ba ya ganin fuskar wanda zai ci ta, wataƙila ma jikansa ne. Rigakafi ya fi magani, domin lahanin da zaiba ko dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro yakan bi shi har girma.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Me ya sa babban kifi ya fi ƙarami tara guba?
2. Ina muke zubar da tsofaffin batura da ragowar maganin feshi a gidanmu?
3. Su wane ne ke shan ruwan da ya wuce ta unguwarmu?