Dare ɗaya, mata uku: yadda Ida Scudder ta zama likita

Darasinmu na wannan fitowa daga Indiya yake. An haifi Ida Scudder a 1870 a kudancin ƙasar, inda mahaifinta, ɗan Amurka, yake aikin likita na mishan. Ita kam ba ta da niyyar gadon aikin.

Wata rana da dare, tana budurwa, magidanta uku suka yi sallama a gidansu, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne matarsa tana kan gwiwa, haihuwa ta zo da gardama, kuma Ida suke so ta je. Ta ce ba ta san karɓar haihuwa ba, amma ga mahaifinta. Duk suka ƙi, suka ce namiji ba zai shiga wurin matansu ba. Da gari ya waye sai labari ya zo cewa matan uku duk sun rasu.

Wannan dare ne ya mayar da ita makaranta. Ta gama karatun likita a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1899. A 1900 ta buɗe ɗakin shan magani mai gado ɗaya tak a garin Vellore, a 1902 kuma asibitin mata mai gado 40. Abin da ya fi burge mu shi ne ba ta tsaya gardama da magidanta ba. Ta ga mata na mutuwa don babu mace 'yar'uwarsu da za ta duba su, hannunta ɗaya kuma ba zai isa ba, sai a 1918 ta buɗe makarantar koya wa 'yan matan Indiya aikin likita. Makarantar tana nan har yau.

Mu ma a nan sansani muna jin irin wannan magana, ba ma raina ta. Iyayenmu mata, kuna da ikon ku nemi ungozoma ko ma'aikaciya mace ta duba ku wurin awo. Idan yare ya zama matsala, ku nemi tafinta.

Amma magidanta, ku ji mu da kyau. Idan jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai ciki, ko naƙuda ta wuce awa 12 ba a sauka ba, kada a jira sai an sami mace. A kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Uwarta ko ƙanwarta na iya rako ta.