DARASI: YARON DA BA YA AMSA KIRA

A Daudawa da ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara akan sami yaro ɗan shekara uku, kunnensa lafiya lau, amma in an kira sunansa ba ya waiwaye. Ba ya haɗa ido da uwarsa, yana ta maimaita motsi guda, ƙarar ganga a coci kuwa takan sa shi kuka. Sai a ce iskoki ne, ko alhakin iyaye. Mu tuna cewa a Yahaya sura 9 Ubangijinmu ya ƙi ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Dokta Leo Kanner na Amurka ya bayyana shi a 1943, bayan ya lura da yara 11. Ana kiyasin yana shafar kimanin yaro ɗaya cikin ɗari. Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke kawar da shi, saboda haka masana suka juya ga horo da koyarwa.

Binciken da ya fi shafarmu an yi shi ne a Ingila, aka buga a 2010. An ɗauki yara 152, aka raba su kashi biyu. A kashi ɗaya, iyaye aka koyar, ba yaran ba. Akan ɗauki hoton bidiyo na uwa tana wasa da ɗanta, sa'an nan ta zauna da malama su duba tare: ga inda ya miƙa hannu, ga inda ya yi ɗan sauti, ke kuwa kin wuce ba ki lura ba. Aka koya mata ta rage umarni, ta dakata, ta bi abin da yaron ke sha'awa, ta amsa masa da gajeruwar kalma, kamar rabin awa kowace rana. Da fari amfanin bai fito sosai ba. Amma da aka sake duba yaran bayan shekara shida, a 2016, sai aka tarar alamun sun yi sauƙi ga waɗanda aka koyar da iyayensu. Ba warkewa suka yi ba, kada mu ruɗi kanmu. A Indiya da Pakistan an gwada irin wannan hanya ta hannun ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba, mu'amalar iyaye da yara ta gyaru.

Ba kowace dabara ce ta ci jarrabawa ba. A 2017 an gwada jinya da kiɗa a kan yara 364 a ƙasashe tara, ba a ga bambancin kirki ba. Hana yaro alkama ko madara ma ba shi da ƙwaƙƙwarar shaida. Ɗauri da duka kuwa zunubi ne a kanmu.

Saboda haka muna roƙon katekis da Zumuntar Mata su nemi irin waɗannan gidaje. A fara kai yaron a auna jinsa, sa'an nan a nemi takardar zuwa asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna. Ran Lahadi a keɓe wa uwar wuri kusa da ƙofa, nesa da ganga, domin ta fita da shi ta komo ba tare da harara ba.