Jiki Magayi: Darasi Ga Masu Riƙon Shugabanci

Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji. Shugaba nagari yakan saurari mutanensa, amma wajibi ne ya saurari jikinsa kuma, gama yunwa da gajiya da fushi sukan karkatar da shari'arsa bai sani ba, waɗanda ke ƙarƙashinsa kuwa su ne za su sha wahalar.

Mu dubi annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan nasararsa a Dutsen Karmel, Yezebel ta yi barazanar kashe shi. Ya gudu jeji, ya gaji tilis, har ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya ba shi abinci da ruwa har sau 2, sa'an nan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, inda aka ba shi sabon aiki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Musa ma yakan zauna yana shari'a daga safe har yamma. A Fitowa sura 18, surukinsa Yetro ne ya lura gajiya za ta ƙarar da shi da jama'ar duka, ya shawarce shi ya naɗa shugabanni a kan mutum 1,000, da 100, da 50, da 10.

Kimiyya ma ta yi bayani. Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. Da fushi ya taso, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi. Jiki ya shirya faɗa ke nan, ba shari'a ba.

Saboda haka, ku shugabannin ɗalibai, da malamai, da dattawan ikkilisiya, idan kun ji waɗannan alamu kada ku yanke wa kowa horo. Ku ja numfashi a hankali, ku yi addu'a, ku ɗage maganar har ku huce. Ku kula da barci kuma: matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowane dare.

Tambaya don nazari: horon da ka yanke na ƙarshe, laifin yaron ne ya jawo shi, ko gajiyarka?