Da wace manhaja ake auna talauci da rashin aikin yi?

Wani mai sauraro daga Zariya ne ya aiko da tambayar: wai da waɗanne manhajoji masana ke gane yawan matalauta da marasa aikin yi a ƙasashe masu tasowa?

To malam, aikin daga ƙofar gida yake somawa. Ma'aikata kan bi gida-gida da wayoyi ko ƙananan kwamfutoci masu ɗauke da Survey Solutions, manhajar Bankin Duniya, suna tambayar abin da iyali suka ci, da kuɗin da suka kashe, da sana'ar kowa. Daga nan sai a zuba amsoshin cikin manhajojin ƙididdiga irin su Stata ko R, ko ADePT wadda bankin ya ƙera don fitar da jadawalin talauci da na ƙwadago cikin mintoci. A 2022 kuma bankin ya maye gurbin tsohon dandalinsa na PovcalNet da dandalin PIP, inda kowa ke iya kwatanta ƙasashe kyauta.

Ta irin wannan hanya binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) na 2018 zuwa 2019 ya gano kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya, kimanin miliyan 83, suna cikin talauci, ban da jihar Borno.

Sai dai manhaja ma'anar da aka ba ta take bi, kuma nan ne abin ke da nauyi. Rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, amma ya koma 4.1 a farkon 2023, bayan NBS ta fara ƙirga wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako cikin masu aiki.