Jaririna Yana Ɗauke Numfashi Cikin Barci, Ko Ciwo Ne?

Tambaya: Wata mai jego daga Funtuwa ta rubuto cewa ɗanta mai sati uku yakan ɗauke numfashi idan yana barci. Sai ƙirjinsa ya tsaya cik, can kuma ya ci gaba da numfashi da sauri-sauri. Ga barcin a yayyanke, yana mutsu-mutsu yana firgita. Kakarsa ta ce iska ce. Tana so ta san ko ciwo ne.

Amsa: Barka da arziki, 'yata, Allah Ya raya shi. Abin da kika gani yana faruwa ga jarirai masu ƙoshin lafiya da yawa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da lakar baya, akwai wani sashe da ke ba huhu umarnin shaƙa da fitarwa. A jariri sashen bai gama nuna ba, shi ya sa aikinsa ke cijewa. Yaro zai yi numfashi daidai, ya dakata na sakan 5 zuwa 10, sannan ya rama da sauri kafin ya koma yadda yake. Kamanninsa ba sa canzawa, kuma da kansa yake ci gaba. Yawanci abin yakan wuce kafin wata shida.

Yankewar barcin ma haka take. Jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma gutsi-gutsi, domin cikinsa ƙarami ne, duk bayan awa biyu ko uku yunwa za ta tashe shi. Kusan rabin barcinsa mara nauyi ne, a nan za ki ga ido na motsi a ƙarƙashin fata, baki na tsotso, ya yamutsa fuska ko ya yi murmushi. Firgitar da yake yi ya ware hannuwa kuwa halitta ce, takan ɓace wajen wata huɗu zuwa shida. A gaya wa Kaka ta kwantar da hankalinta, kodayake sa idon da ta yi abin yabo ne.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Idan ɗaukewar ta kai sakan 20, wannan ya fita daga al'ada. Haka kuma ko ba ta kai ba, in jikinsa ya saki ko launinsa ya sauya. A fatarmu sauyin ba ya fitowa fili a kumatu, don haka ki buɗe bakinsa ki duba harshe da dasashi da cikin leɓe. In sun yi fari fat, ko toka-toka, ko shuɗi-shuɗi, iska ba ta isar masa. Ki ƙirga da agogon waya, domin uwa a tsorace sakan biyar takan zame mata kamar minti guda. Ki shafa bayansa ko ki ɗan tsikari tafin ƙafarsa, amma kada a girgiza shi, girgiza tana yi wa ƙwaƙwalwar jariri lahani. Sannan a tafi asibiti a lokacin, ko da ya warware, domin cutar da ta shiga jini, da limoniya, da tarin shiƙa, da ƙarancin sukari a jini, da sanyin jiki duk sukan fara bayyana ta haka. Cire beli wurin wanzami ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Ki kuma ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ga wanda bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa sosai, ko hanci na buɗewa, ko yana nishi, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, shi ma ba a kwana da shi a gida.

Bakwaini shi ne doguwar ɗaukewar numfashi ta fi kamawa, musamman wanda aka haifa kafin ciki ya kai sati 28. A asibiti ana ba su maganin kafin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa, don ya zaburar da sashen numfashi. Likita ne ke auna shi bisa nauyin yaro, ba a ce a jiƙa goro a ɗura masa ba!

A gida kuwa, ki riƙa kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tulin zannuwa kusa da fuska. A Amurka, bayan an fara gangamin hana kwantar da jarirai ruf da ciki a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai. Jariri ta hanci ya fi yin numfashi, ga ɗakin mai jego ba ya rabo da turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa. Ki rage hayaƙin nan, gidan sauro ya wadatar. In ƙurar hunturu ta toshe masa hanci, a kemis ana samun ruwan gishirin ɗigawa na jarirai, ki sa ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafa kafin ki ba shi nono. Man zafi dai kada ya kusanci hancinsa.